Turancin da Fidela Ta Tara a Gyara

Mamata, Fidela Pazo, ba ta taɓa zama a aji don koyon Turanci ba. A gyara ta tara shi, kalma kalma, kuma gashin kaina ne ya sa ta.

Ni ce Zoila, 'yarta tilo. A gidanmu ni ke ajiye hotuna da labarin wa ya auri wa, don haka duk wanda ya manta wani abu ni yake nema. Wannan labarin ina cikinsa, amma ina ƙarama lokacin. Na tattaro shi ne daga bakin mutum uku, Mama da Baba da maƙwabciyarmu Meme Ndilimeke, kuma har yau ba su yarda da juna a kan komai ba sai a kan cewa gashin ya yi muni.

A Paita aka haifi Mama, a gaɓar tekun Peru, a gidan masunta. A danginsu almakashi ba ya taɓa gashin da yaro ya zo da shi duniya sai an samo masa uwar aski. Mace ce daga waje, ba 'yar dangi ba, wadda uwar yaron za ta je da ƙafarta ta roƙa da bakinta. In ta yarda, sai a yi taro ta yanke tukkun farko, daga ranar ita da uwar yaron sun zama komadre. Komadre ta wuce ƙawa. 'Yar'uwa ma ana iya gaba da ita shekara guda, amma komadre ko kuna faɗa dole ta zo in an kira ta, kuma ita ke ɗora tukunya ranar da aka binne ki. Kakata komadre bakwai gare ta, shi ya sa ta mutu hankalinta kwance.

Mama ba ta da ko ɗaya. Tana goye da ni ta sauka Walvis Bay, wani garin masunta a can ƙetaren teku, ta biyo Baba, Anselmo Fiestas, wanda ya riga mu zuwa yana ɗinkin taru a jiragen kamun kifi na 'yan Sifen. Akwai matan 'yan ƙasarmu kaɗan a garin, masu jin Sifaniyanci irin namu, kuma Baba ya sha cewa a ɗauki ɗaya a huta.

"Waɗannan ai raɓa ne," in ji Mama. "Kowacce tikitin komawarta na cikin jaka. Ranar da kwangilar mijinta ta ƙare, wa zai ɗora min tukunya? Ta waya za a ɗora?"

'Yar gari take so, wadda ba inda za ta. 'Yar gari kuwa sai an roƙe ta da harshen da take ji, kuma tafinta bai halatta ba. Kakata ta ce wanda bakinsa ya roƙa shi ke zama dangi, in kika aiki tafinta to tafintan kika yi wa komadre. Mama ba ta da Turanci ko na gaisuwa. Sai gashina ya zauna yana jira.

Baba yana da Turanci, a faɗarsa. A jirginsu kowa Sifaniyanci yake yi, daga kyaftin har kuku, don haka abin da ya tara a shekarun da ya riga mu bai cika tafin hannu ba: ja, saki, jira, gobe, sai wata guda da ba a faɗa gaban mata. Ya ce zai koya mata. A zama ɗaya suka gama karatun.

Yadda ta samo hanyarta kuwa, ga shi. A Paita ba a sayen abu a juya haka kawai. In kin sayi kifi, sai ki tsaya da bakin kwandonki a buɗe har mai kifi ya jefa miki ɗan ƙarami a kai. Yapa ake ce masa, wato gyara. Wanda ba ya bayarwa ba a zaginsa, ana dai tuna shi. Ranarta ta farko a babban kanti, Mama ta biya kuɗin shinkafa, ta riƙe bakin leda a buɗe tana jira. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta dube ta. Ita ma ta dube ta. Layi ya yi tsawo a bayanta. A ƙarshe mai gadi ya zo ya ɗaure mata ledar da hannunsa, ya raka ta ƙofa cikin ladabi.

"Anselmo, ka kawo ni ƙasar da ba a gyara."

"Tsohuwa, ai ba a ce miki Aljanna ba ce. Aiki aka ce akwai."

Tsohuwa yake ce mata tun ranar aurensu, ita kuma ta ce masa tsoho.

Meme Ndilimeke katanga ɗaya ce ta raba mu da ita a unguwar Kuisebmond. 'Yar ƙabilar Owambo ce, doguwa, mai murya kamar ƙarar jirgi, tana sayar da gasasshen nama da fanke kusa da tashar tasi. Ran nan Mama ta sayi fanke a wurinta, ta riƙe leda a buɗe, ta ce, "Yapa." Meme ta ɗauka sunan abin take tambaya, sai ta nuna fanken ta faɗi sunansa da Turanci, da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma. Mama ta maimaita. Ta ɗan yi tunani. Sai ta ɗaure ledarta ta tafi.

"Yau an ba ni gyara," ta ce wa Baba. "Ba ta da nauyi, amma gyara ce."

Daga nan ta kafa doka. Ba ta karɓar kalma sai ta sayi wani abu, don ita ba maroƙiya ba ce. Saye ɗaya, kalma ɗaya. Saboda haka ta daina sayen albasa da yawa, sai ɗai-ɗai, safe da yamma, kowacce da gyararta. In an ba ta kalma ba ta yarda da ita nan take, sai ta kai ta wata rumfa ta gwada, kamar yadda ake ɗaga kunnen kifi a duba jininsa. In ta tarar ta yaren Afirkans ce ko na Owambo, sai ta koma wurin mai ita ta ce a canza mata. Ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. Da fuskar wanda ya ba ta take riƙe kowacce, har da muryarsa. Har yanzu in Mama ta ce cokali da Turanci, muryar Meme za ka ji ta fito daga bakinta, in kuma tana lissafi sai ka rantse matar kantin 'yan Sin ce.

Sau ɗaya aka cuce ta. Wani mahauci, Oom Dawid, ya ba ta wata kalma ya ce da ita ake yi wa manya godiya. Ranar tana sauri, ba ta kai ta gwaji ba. Fada, limaminmu, ta bai wa bayan an tashi daga coci, tana riƙe da hannunsa biyu. Washegari ta je rumfar Oom Dawid lokacin da jama'a suka cika, ta tsaya a gabansa ta mayar masa da kayansa, da ƙarfi, ta sake mayarwa, ta yi ta mayarwa har sai da ya naɗe mata hanta a takarda ya roƙe ta ta tafi. Daga ranar kalmomi masu kyau yake zaɓa mata.

In ta sayi babban abu kuwa, kalma ɗaya ba ta isa, sai an ba ta karin magana sukutum. Ranar da ta sayi tukunyar gas, mai gas ya gaya mata cewa in abu ya yi tsada Turawa kan ce ya ci hannu da ƙafa. Ta dawo gida ta kawo wa Baba.

"Tsoho, a gida in abu ya yi tsada ido ɗaya yake ci. Nan hannu ne da ƙafa."

"Ai na gaya miki ƙasar da tsada."

Wadda ta fi so ita ce wadda Meme ta ba ta ranar da ta sayi nama na baƙi. Meme ta ce wata malamarsu a makarantar mishan ta koya musu cewa in ruwa ya kece Turawa kan ce kyanwoyi da karnuka ke zubowa. Mama ta karɓa da hannu biyu. Matsalar kawai ita ce a Walvis Bay ba a ruwa. Hazon teku ne da safe, yashi da yamma. Ta ajiye ta tana jira, kamar zanen da aka saya don bikin da ba a sa rana ba.

A cikin 'yan shekaru duk kasuwa ta san ta. Mai Gyara suke ce mata. Gashina kuma ya yi ta girma. Mataji ya daina shiga tun ina shekara uku, ya cukurkuɗe ya zama kamar tarun da aka bari a gaɓa. Baba ya ce ya taɓa samun maɓallin rigarsa a ciki. Mama ta ce ƙarya ne, fil ne.

Da na cika shekara biyar aka je rubuta sunana a makaranta. Malamar ta dubi kaina, ta dubi Baba, ta yi masa dogon bayani. Bai ji komai ba, amma ta haɗa da yatsu biyu tana yanka iska, wannan kuwa ba ya buƙatar tafinta. Ana gobe jirginsu zai tashi ya ajiye almakashin ɗinkin tarunsa a kan tebur.

"Tsohuwa, kin ga wannan? Zan tafi da shi, zan dawo da shi. In na dawo na tarar da dajin nan a kan yarinya, ni zan sare shi. Ni ne uwar aski, ni ne komadre."

"Kai za ka ɗora min tukunya? Kai da ka ƙona ruwan zafi?"

"Na dai faɗa."

Mama ta san da gaske yake. In uba ya yi askin, shi ke nan, gashin farko ba ya dawowa, kuma ni kaɗai gare ta. Ƙofa ɗaya ce, in ta rufe za ta zauna a ƙasar nan ba dangi har ranar da za a binne ta da abincin saye.

Ta daɗe da zaɓar Meme a ranta. Ranar Lahadi ta gasa kaza, ta jiƙa kifi a lemun tsami da albasa irin na gida, ta jera a faranti. Ta yi min wanka, ta sa min rigar coci, ta riƙe hannuna muka zaga katanga. Meme na zaune a ƙofar gida tana tsince wake. Mama ta ajiye farantin, ta gyara tsayuwa, ta fito da duk Turancin da ta mallaka.

"Meme, zo ki gani. Mai kyau ce. Sabuwa ce, ba ƙaya. Duba kai, duba! Ki yanka nan. Ɗauka, don ke ce. Farashin ƙarshe. Ba a mayarwa."

Meme ta dubi farantin. "Mai Gyara, kaza kika fara sayarwa?"

"A'a. Kaza gyara." Ta tura ni gaba. "Wannan ce kaya."

Wannan kam ni ma na tuna. Wake ya watse a ƙasa. Meme ta fizge ni ta mayar bayan zanenta, ta ɗaga hannuwana tana duba ko akwai tabon duka, sannan ta buɗe murya ta yi wa Mama faɗa da harshe uku. Ta ce ita shugabar matan coci ce. Ta ce a ƙasar nan an daina sayar da mutane, an sha wuya kafin a daina. Ta ce in ta wayi gari ba ta ji muryata ba, da ƙafarta za ta je wurin 'yan sanda. Mama ta tsaya tana sauraro da kyau, don ba a taɓa ba ta kalmomi masu yawa haka a lokaci ɗaya ba, amma ta ce ba ta ɗauki ko ɗaya ba tunda ba ta sayi komai ba.

Meme ta aiko da farantin ta kan katanga. Ita ta ce yadda aka kawo ta mayar. Mama ta ce cinya ɗaya ba ta dawo ba.

Bayan nan gyara ta tsaya. In Mama ta je sayen fanke, Meme ta zuba, ta ɗaure ledar da kanta, ta miƙa ba ko tari. Kullum da safe kuma sai mu ji murya ta kan katanga:

"Zoila! Kina nan?"

"Ina nan, Meme."

"To."

Mama ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta zauna ta duba lamarin kamar yadda ake duba tarun da ya yage.

"Laifina ne," ta ce. "A kasuwa na saya, na kasuwa aka ba ni. Wa ya taɓa zuwa wurin mahauci neman zare?"

Sai ta tambayi kanta inda mutanen garin nan ke faɗin manyan maganganu, irin na dangi da amana. Amsar ba ta da wuya. Kowace Asabar akwai jana'iza a Kuisebmond. Ta ciro baƙar rigarta, ta sa soson ƙarfenta a jaka, ta fara bin gidajen makoki. Ba ta san mamatan ba, ba ta kuma yi kamar ta san su ba. Kai tsaye take wucewa bayan gida inda mata ke girki, ta naɗe hannun riga ta kama wanke tukwane. Ba a tambayar mai wanke tukunya 'yar gidan wa ce. A dokarta wankin shi ne sayen, don haka tana da haƙƙin gyara.

Wahalar ita ce yawancin jawabin da yaren Owambo ake yi. Sai ta yi wuni guda tana jira, har wani shugaban aiki daga masana'antar kifi ya miƙe ya yi nasa da Turanci. Nan za ta tsame hannu daga kumfa ta kasa kunne. In ya zauna, ta zunguri matar da ke kusa.

"Wancan da ya faɗa, mutane suka yi kuka. Yapa."

Haka ta samo kalmomin rashi da haƙuri. Haka ta samo kewa, da 'yar'uwa, da ba ni da kowa. Wata tsohuwa ta ba ta kalmar wata rana, wadda a kasuwa ba a ba ta ba, don a kasuwa yau ce kawai da gobe. Ni kuma ina gefe a zaune kan bulo, mata na wucewa suna duban kaina suna girgiza nasu, wasu har su ba ni nama don sun ɗauka ni ce marainiyar.

A ɗaya daga cikin gidajen nan Meme ta ci karo da ita, don mamaciyar 'yar cocinsu ce. Ba su yi magana ba. Amma Meme ta gaya min daga baya cewa ta tsaya ta kalli yadda Mama ke kife tukunya ta goge gindinta har sai ya yi fari, wurin da ba mai dubawa.

"A ranar na fara kokwanto," in ji ta. "Na ce matar da ke goge gindin tukunyar mutane ba ta yi kama da mai sayar da 'ya ba. Amma ban daina kiran sunanki da safe ba, don mutum ba a gama saninsa."

Sai labari ya zo cewa jirgin su Baba zai shigo ranar Juma'a. Aski ya zo gaban goshi. Ranar Alhamis da hantsi Mama ta sa baƙar rigar, don ita ce mai kyan da ta rage, ta ja hannuna zuwa tashar tasi. Wannan karon ba faranti. Meme na juya nama a kan wuta. Mama ta tsaya gabanta, ta haɗa hannuwa a ciki, ta sunkuyar da kai yadda ta ga shugabannin aiki na yi.

"Meme, mun taru a nan yau cikin baƙin ciki."

Meme ta zauna daɓas a kan akwatin lemo. "Wa ya mutu? Mijinki? Jirgin ne?"

"Ba kowa. Tukuna." Mama ta dafa kaina. "Wannan yarinya kowa ya san halinta. Ba ta da abokin faɗa. Za mu yi kewarta."

Meme ta jawo ni ta dafa goshina, ta ja fatar idona ta leƙa. "Me likita ya ce? Yi magana mana, baiwar Allah! Me suka ce tana da shi?"

A nan jawabin da Mama ta shirya ya ƙare. Naman ya fara ƙauri. Direbobin tasi biyu sun matso suna kallo. Mama ta ce ji ta yi kamar ta zo gaban mai kanti aljihu ba komai. Sai ta daina neman maganar wani, ta shiga tsintar nata ɗai-ɗai, wannan daga kasuwa, wancan daga makoki.

"Ba ita ba. Ni. Ni zan mutu. Ba yau ba, wata rana. A nan, ba can ba. Ranar, tukunya. Wa?" Ta buɗe hannu. "Ba ni da kowa. A ƙasarmu mace ta yanka gashin yarinya, na farko. Ta zama 'yar'uwa. Ba a mayarwa. Ke ki yanka. Ni na mutu, ke tukunya. Ke kin mutu, ni tukunya."

Meme ta miƙe ta juya namanta, yanka bayan yanka. Ta kori direbobin da wuƙa. Sannan ta juyo.

"Wato duk wannan bala'in, aski ne?"

"Aski."

"Shi ne ba ki faɗa ba tun farko? Kika sa na yi wata biyu ina ƙirga 'yar mutane ta kan katanga?"

"Ba mai sayar da shi," in ji Mama.

Meme ta ja tsaki. Amma 'yar kasuwa ce, ba ta karɓar kaya sai ta juya shi.

"Bayan askin sai me?"

"In ta yi laifi, ki yi faɗa."

"Wannan ai kyauta nake yi. Sai me?"

"Na kira, ki zo. Kin kira, na zo."

"Ko muna faɗa?"

"Ko muna faɗa."

"To ki sani, Mai Gyara, mu 'yan cocinmu yawa gare mu. Ranar tawa tukunya ba ɗaya ba ce."

"Na sani. Na wanke su."

Meme ta ce a nan ne aka kayar da ita. Mama ta ce tun ranar cinyar kazar aka kayar da ita, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

"Lahadi, bayan coci," in ji Meme. Ta zuba wa Mama fanke a leda, ta bar bakin ledar a buɗe.

Baba ya shigo ranar Juma'a da jakarsa a kafaɗa. Ko zama bai yi ba ya dubi kaina, ya fara laluben almakashi.

"Lahadi," in ji Mama.

"Na ce in na dawo."

"Ka dawo? Mutumin da ke wari haka bai gama dawowa ba. Je ka yi ta wanka, zuwa Lahadi sai mu ga ko kai ne."

Ranar Lahadi tsakar gidanmu ya cika. Matan cocin Meme sun zo da waƙoƙinsu, matan 'yan ƙasarmu sun zo da tikitinsu a jaka, Oom Dawid ya aiko da haƙarƙari. Aka zaunar da ni kan akwati. Mama ta kwana biyu tana raba gashin gida-gida da yatsa, ta ɗaure kowane tukku da jan zare. Ta miƙa wa Meme sabon almakashi da ta sayo a kantin 'yan Sin. Meme ta kama tukkun gaba ta danna. Almakashin ya tauna, ya sake taunawa, sannan ƙusarsa ta fita ya rabu biyu, kowane hannu da rabi.

Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da almakashin tarunsa, ya goge shi a wando, ya miƙa wa Meme ta wajen mariƙi. Har yau yana cewa ai ya faɗa da shi za a yi.

Sara ɗaya tukkun ya faɗi. Meme ta sa shi a faranti. Mama ta kama hannunta ta ce, "Komadre." Meme ta maimaita, ta kai kalmar wurin wata 'yar ƙasarmu ta gwada ko ba zagi ba ce, sannan ta dawo ta amsa.

A al'ada daga nan sai uwar aski ta miƙa almakashi ga na kusa. Meme ba ta miƙa ba. Ta tsaya a kaina, ta buɗe tafin hannu a gaban Mama.

"Yapa," ta ce.

Mama ta dube ta. Sai ta zaɓo tukkun da ya fi kowanne kauri, ta riƙe mata shi da kanta.

Tukkun farkon yana wurina, cikin ambulan tare da hotunan ranar. Gyarar tana wurin Meme a gwangwanin shayi, kuma ta ce ba za ta ba ni ba sai ta mutu. Da aka kai ni makaranta malamar ta dubi kaina, wanda mutum kusan talatin suka yanka kowa yadda ya ga dama, ta yi wa Baba wani dogon bayanin. A ranar ya kai ni wurin mai aski.

Turancin Mama ya cika yanzu, tana zuwa asibiti da banki ita kaɗai, sai dai inda aka samo abu ba ya ɓuya. Ranar da na gama sakandare ta riƙe hannun shugabar makaranta ta ce mata mun yi babban rashi, amma yarinyar mai kyau ce, ba ƙaya.

Ruwan ma ya zo. Ina aji shida na firamare aka yi wani yayyafi da rana tsaka, wanda ko yashi bai gama jiƙawa ba. Mama ta saki abin da take yi, ta fita ba takalmi, ta zaga katanga tana buga ƙofa.

"Komadre! Kyanwoyi da karnuka!"

Meme ta leƙo, ta dubi sama, ta miƙa hannu ta jira ɗigo.

"Wannan ko ɓera bai kai ba, komadre. Koma ki ajiye ta."

Yanzu duk sun fara tsufa. Sun yi faɗa a kan kaji, sun yi a kan igiyar shanya, sun taɓa yin wata guda ba sa gaisawa, amma a cikin watan gabar ne aka kwantar da Mama a asibiti, kuma Meme ce ta zauna a gefen gadonta tana kallon bango, ba ta ce mata uffan ba har aka sallame ta. Da yamma sukan zauna a ƙofar gida suna gardamar wadda za ta riga mutuwa. Kowacce so take ta riga, don wadda ta rage ita ke da wanke-wanke. Meme ta ce ita ce babba, layinta ne. Mama ta ce ita ta fara taya kayan.